Zanen da Kawu Ya Bari a Jikin Pilatin

Daga Allah muka fito, gare Shi kuma za mu koma, kowa da ranarsa. Ranar Kawu, ƙanen mahaifiyata, ta zo wata Laraba da hantsi, a gidansa da ke Zango, bayan ciwon ƙirjin da bai wani kwantar da shi ba. Kafin la'asar an kai shi makwancinsa. Allah Ya jiƙansa, Ya yafe masa kurakuransa.

Na zauna rubuta wannan ne saboda na san halin garinmu. Ana gama sadakar arba'in a naɗe tabarmi, bayan ƴan shekaru ka ambaci mutum yara su ce wane ne. Ba na son a yi wa Kawu haka. Mai gyaran rediyo ne kawai, bai tara dukiya ba, bai riƙe sarauta ba, amma ni dai ban ga na biyunsa ba.

Zaman makokina a cikin gida na yi tare da mata, sai dai tabarmin maza suna bayan katanga, katangar gidan Kawu kuwa ba ta iya riƙe magana. Na ji limamin unguwa yana cewa, "Shekara da shekaru ina jiran ranar da kiɗan nan zai sa bawan Allah ya makara sallah, in samu abin faɗa masa. Bai taɓa ba ni dama ba." Aka yi ƴar dariya irin ta gidan mutuwa, wadda ake haɗiye rabinta. Wani Alhaji mai shagon atamfa, gemu fari fat, ya ce shi dai labarin bal, wato rawar dare, kawai ya ji a zamanin ƙuruciyarsu, bai taɓa leƙa wurin rawar ba. Wani tsoho daga gefe ya ce, "Alhaji, ji tsoron Allah, yanzu fa muka dawo daga maƙabarta. Wa yake ɗaukar wa marigayi kwalin faya-fayai, da wando mai faɗin ƙafa yana share ƙasa?" Ƴan kabu-kabun da suke fakewa a inuwar shagonsa suka zo gaba ɗayansu. Tun daga bakin layi suka kashe inji, suka turo baburan da hannu. Ban taɓa ganin sun yi wa kowa haka ba, kuma abin ya sa ni hawaye.

Washegari maƙwabta mata, masu son taimako, suka fara fito da kayan mamaci don su sha rana, yadda aka saba. Aka shanya riguna da bargo. Sai ga wata ta rungumo faya-fayai tana neman inda rana ta fi kyau. Matar Kawu, wadda tun jiya ba a ji muryarta ba, ta miƙe zumbur.

"Ke! Mayar da su! Rana lanƙwasa su take yi. Kuma a tsaye ake jera su, ba a kwance ba."

Wannan fa matar da ta yi rabin rayuwarta tana mita cewa faya-fayan nan sun cinye mata ɗaki guda. Da ta gama faɗa ta ji abin da ya fito daga bakinta, kalmominsa ne sak, sai ta zauna ta fashe da kuka.

Mutum ɗaya ce ba ta yi kuka ba, ita ce Inna, mahaifiyata, yayar Kawu. Su biyu kaɗai uwarsu ta haifa. Ta zauna a kan buzu da casbi, ana ce mata sai haƙuri tana cewa haƙuri ya zama dole. Da aka mayar da faya-fayan ta yafito ni.

"An rufe ɗakin nan nasa?"

"An rufe, Inna."

"To, a bar shi a rufe."

Wanda bai san gidanmu ba zai ce taurin zuciya ne. Sai na yi bayanin ɗakin kafin a gane maganar.

Ɗaki ne na ƙasa, mai kaurin bango, wanda ya fi kowane sanyi a gidan. Kawu ya bar wa faya-fayai shi, ya koma kwana a ɗakin kwano yana shan zafi. A tsakiya, kan wani tebur da ya sa aka cika ƙafafunsa da yashi don kada ya girgiza, injin yake zaune. Duk gari garmaho suke ce masa, shi kuwa ba abin da yake ɓata masa rai kamar wannan. "Garmaho na kakanninku ne, wanda ake juyawa da hannu kamar injin taliya," in ji shi. "Wannan pilatin ne." Nauyinsa sai mutum ya yi bismilla kafin ya ɗaga. Kawu yakan ce sauran injuna da roba suke juya faranti, zafin Damagaram kuwa ba ya barin roba da mutunci, kafin damina biyu ta saki, mawaƙi ya koma kamar mai jin barci. Nasa ba roba. Ƴar motarsa ta lantarki tana ƙarƙashin farantin, ita take juya shi da kanta, yana taɓa maɓalli ya kama gudu daidai. A gefen farantin akwai ɗige-ɗige da wata ƴar jar fitila. In gudu ya yi daidai, sai ka ga ɗigon sun tsaya cak ko da yake farantin yana juyawa. Na girma, na yi aure, na zama malamar lakwal, wato makarantar boko, amma har yau wannan abu yana ba ni mamaki.

Dokokin ɗakin sun fi na asibiti yawa. A wanke hannu, ko da ba tuwo za a ci ba. A riƙe faifai ta gefe da tafin hannu, don a cewarsa ba a gaisawa da faifai da yatsa. Kada a yi tafiya da ƙarfi allura tana kai. Akwai ranar da wani amininsa ya ga allura tana tsalle a kan wani tsohon faifai, ya zaro dala daga aljihu ya ɗora mata a ka don ta nutsu, yadda kowa yake yi a da. Kawu bai ɗaga murya ba. Ya ɗauke allurar, ya miƙa wa mutumin dalarsa, ya ce, "Je ka sayi goro. Wanda zai huɗa faifai kamar gona ba zai zauna mini a nan ba." Sai da aka ga sabon wata, da sa bakin liman, sannan ya bar shi ya dawo, shi ma a bakin ƙofa.

Kowace Juma'a bayan la'asar yakan buɗe ɗakin, tsofaffin unguwa su taru, a ɗora shayi. Ni ma in na samu sarari nakan je in zauna daga ciki kusa da shi, don ƴaƴansa zamanin kaset da salula suka tashi, ba wanda ya damu. Ni ya koya wa sauke allura. In aka ɗauke kuran, wato wutar lantarki, ana tsakiyar waƙa, yakan ɗaga hannun injin a hankali ya ce, "Sun ɗauke nasu, namu yana nan," ya ci gaba da rerawa da muryarsa. Allah Ya gafarta masa, muryar ba ta da daɗi ko kaɗan.

Cikin masu zuwa akwai wani tsohon direban kamiyo, babbar motar kaya, da matarsa ta rasu. Sau ɗaya tak ya ambata, a cikin hira, cewa wata waƙa ce aka sa ranar da ya fara ganinta a wurin biki. Bai roƙa a sa masa ba, ba irin mutanen da suke roƙo ba ne. Tun daga wannan Juma'a, in an kusa tashi, sai Kawu ya yi miƙa ya ce, "Ni dai yau wannan nake marmari," ya zaro faifan. Ba ya duban direban. Direban kuma sai ya juya fuska bango kamar yana nazarin zanen ƙasa. Haka suka yi ta yi shekaru, ba wanda ya taɓa ce wa ɗan'uwansa komai a kai.

Amma duk faya-fayan nan rakiya suka yi. Saboda faifai ɗaya Kawu ya sayi injin, kuma shi ne wanda ba a sa shi ranar Juma'a.

Ga yadda abin yake. Lokacin da Inna take budurwa ƴar ƙarama, Kawu kuma bai daɗe da sauka daga goyo ba, wasu baƙi suka zo unguwarsu a Birni, Bature ɗaya da tafinta, da akwatin ɗaukar murya. Waƙoƙin mata suke nema, na daka da na niƙa. Kakanmu yana fatauci a Kano. Tafintan ya tambayi yaran da suka kewaye su wace ce ta fi iya waƙar daka a unguwar, wata yarinya ta yi farat ta ce, "Iyarmu!" Yarinyar nan Inna ce. Ita ba ta taɓa gaya mini wannan ba, daga bakin Kawu na ji. Aka fito da turmi ƙofar gida, Iya, wato kakata, ta ba da waƙa, ana lugude ana amsawa. Baƙi suka yi godiya suka tafi.

Bayan wasu watanni kakanmu yana zaune teburin mai shayi sai ga muryar matarsa a rediyo. Maza suka sa shi gaba da tsiya, wai yanzu har mutanen Agadas sun san muryar ɗakinsa. Ya koma gida da zafi, ya faɗi maganganun da bai kamata ba. Iya ta ɗauki ƙaramin ɗanta ta tafi gidan iyayenta a Guna, ta bar Inna wurin uba. Kowa ya ɗauka yaji ne na ƴan kwanaki. Ana shirin biko zazzaɓin damina ya ɗauke ta. Inna ba ta sake ganinta ba.

Kawu ya tashi ba ya tuna fuskar uwarsa. Ya ce abin da ya rage masa kawai wani amo ne, irin wanda yaro yake ji ta bayan uwa in tana waƙa yana goye. Da ya zama saurayi yana sa kiɗa a wuraren biki, wani direba ya kawo masa kwalin tsofaffin faya-fayai daga bakin teku. A jikin rigar faifai ɗaya, wato kwalin da ake sa shi a ciki, ya ga hoton mata a kan turmi, bayansu zauren gidan kakansa da zanen da ke bisa ƙofar. Ya kai wa ƙanen babansu, tsohon ya duba ya ce, "Ta tsakiyar nan uwarka ce."

Ya ruga ya sa faifan. Abin da ya fito murya ce siririya kamar ta ƴar yarinya, taɓare suna gudu kamar ana korarsu. Daga baya, da ya ƙware a sana'a, ya gane dalili. Batirin baƙin ya yi sanyi ranar da suka ɗauka, akwatinsu yana jan ƙafa, don haka da aka buga faifan a gudun da ya dace sai komai ya ƙara sauri, murya ta tsuke. Maganinsa injin da za a iya rage wa gudu kaɗan kaɗan, ya kuma tsaya inda aka ajiye shi ba tare da ya zame ba. Ya yi ta cigiya har ya samu labarin wannan a Kano. Ya sayar da mobilet ɗinsa ya sayo shi, ya koma zuwa shago a ƙasa.

A gefen dama na injin akwai wani ɗan maɓalli da ake turawa gaba ko baya. In yana tsakiya, ɗigon nan suna tsaye, inji ya ce komai daidai. In an ja shi, gudu ya ragu, ɗigon su fara rarrafe. Kawu ya yi shekaru yana ja yana mayarwa, yana rufe ido yana neman amon nan na goyo. A ƙarshe ya ɗauki tsinin allurar ɗinki ya yi ɗan zane a jikin ƙarfen, inda ransa ya fi kwanciya. Amma bai taɓa sakankancewa ba. "Zato ne, ƴata," yakan ce mini. "Wataƙila muryar wata mata na ƙera wa kaina nake kira Iya. Mutum ɗaya ce a duniya za ta ce nan ne ko ba nan ba."

Mutum ɗayar nan kuwa ta rantse ba za ta saurara ba.

Na sha ganin wannan ja-in-ja tun ina yarinya. Yakan zo gaishe ta, a yi hira lafiya lau, in ya tashi tafiya sai ya sosa ƙeya.

"Yaya, ɗan zama kaɗan ne. Ki ji, ki ce mini nan ne, shi ke nan."

"Auta, na ce maka a'a tun gashinka yana baƙi."

"Ke kaɗai kika rage da kika san muryarta."

"Kai me ka sani a kanta? Kana majina a hanci ta tafi. Abin da ya fitar da ita daga ɗakinta shi kake goge wa ƙura kana lallaɓawa. Ka bar matattu su huta."

Sau ɗaya ya yi wauta. Ranar sunan ɗana na fari ya zo da faifan a ƙarƙashin babbar riga, wai ko albarkacin farin ciki za ta sauko, ko hoton ne ta duba. Inna ta kore shi a gaban baƙi, da shi da faifansa. Daga ƙaramar Sallah har babba ba su yi magana ba. Ni na zama ƴar aike, in kai masa furar da ta dama ta ce kada in ce ita ta aiko, in kawo mata maganin ƙafa da ya saya ya ce in ce daga lokotoron asibiti ne. Tsofaffi biyu, kowanne da jikoki, suna gaba kamar ƴan makarantar allo. Ranar babbar Sallah ya zo ya durƙusa, ya yi mata alkawari cewa muddin tana cikin gidansa allura ba za ta taɓa wannan faifan ba.

Ya kuwa riƙe alkawarin. Ni ce ma, da yake haƙurina gajere ne, na taɓa ba shi shawara. Na ce, "Kawu, ka bari ta zo barka ko dubiya, ka sa shi ka buɗe taga. In ya shiga kunnenta ai ba ta iya fitar da shi." Ya dube ni ta saman tabarau har na ji kunya.

"Ba zan yi wa Yaya kwanton ɓauna da uwarta ba," in ji shi. "Ke kina ganin taurin kai. Ni ina ganin yarinyar da ta ce Iyarmu, take ɗauke da abin har yau."

Juma'ar ƙarshe da na gan shi, bayan tsofaffi sun watse, ya sa mini faifan. Muka saurara har ƙarshe. Yana mayar da shi cikin riga ya ce, "In na riga ta, kada ki matsa mata." Na ce ya daina irin wannan magana. Ya yi dariya ya ce in miƙo masa tsumman goge allura.

To, kun ji dalilin a bar shi a rufe. Ni kuwa a zaman makokin nan baƙin cikina biyu ne. Na rasa Kawu, kuma ina kallon Inna, ido ya yi rauni, kunne ɗaya ya fara nauyi, na san ranar da ta bi shi ba sauran mai cewa nan ne.

Bayan sadakar bakwai babban ɗan Kawu, abokin wasana, wanda yake aiki a Yamai, ya ce zai tafi da injin da faya-fayan can, inda zai kula da su. Ba wanda ya ƙi, haƙƙinsu ne, kuma yaron kirki ne duk da ban taɓa faɗa masa a gabansa ba. Ya ce kafin ya ɗaure kaya zai ɗauki faifan kakarmu a salula ya tura wa dangi duka, na Gidimuni da na Kano da na ko'ina, kowa ya ji. Na ce madalla, amma ya bari sai Inna ta koma gida, kuma ya kira ni in nuna masa yadda ake yi.

"Ke ɗin?" ya ce. "Injin ubana ne fa."

"Injin ubanka da ba ka taɓa zama ka ji ba, sarkin ƴan gudun hijira."

Da la'asar ina madafa muna kwashe tuwon baƙi. Shi kuma ya leƙa tsakar gida bai ga Inna ba, ya ɗauka ta tafi, alhali tana ɗakin matar Kawu tana taya ta zaman takaba. Ya buɗe ɗakin, ya kunna inji. Ya ga ɗigon suna rarrafe, maɓalli ba ya tsakiya, ya ce a ransa mata ne suka ture shi wajen shara. Ya mayar da shi tsakiya, ɗigo suka tsaya cak, ya sauke allura, ya ƙure lasifika don salula ta ɗauka da kyau.

Na saki mara a cikin tukunya. Siririyar muryar nan ta cika gidan, taɓare suna ta gudu. Na fito a guje in kashe, sai na ga na makara. Inna tana tsaye a ƙofar ɗakin takaba, ta dogara sanda, jikinta yana rawa. Na ɗauka faɗuwa za ta yi. Ashe fushi ne.

"Wane mara kunya ne yake yi wa uwata wannan wulaƙanci?"

Ta ratsa tsakar gida da saurin da rabona da in ga ta yi tun ina budurwa. Ta tsallaka dokin ƙofar da ta yi rantsuwa a kansa, ko takalmi ba ta cire ba. Abokin wasana ya miƙe yana inda-inda, "Gwaggo, wallahi na ɗauka kin..."

"Rufe mini baki. Wace mace ce take daka haka? Aljanu ne? Mai wannan sauri ai kafin surfe ya yi kafaɗarta ta gurɗe. Iya ba ta taɓa yin gaggawa a kan turmi ba."

Na miƙa hannu zan ɗaga allura. Ta buge mini hannu da sanda.

"Ban ce ki kashe ba. Ba Auta ya ce ana rage masa gudu ba? Rage."

Na ja mata kujerar Kawu ta zauna. Na mayar da allura farko, na ɗora yatsa a kan maɓallin na fara ja a hankali. Inna ta rufe ido. Sai na lura ba muryar take bi ba. Ta dunƙule hannun dama tana ɗagawa tana saukewa a kan gwiwa, daka take yi, tana jiran taɓaren faifan su zo su same ta. Wannan ne abin da Kawu bai taɓa tunani ba duk tsawon shekarun nan, don shi namiji ne, bai taɓa riƙe taɓarya ba. Da kunne kaɗai ya yi ta nema.

"Ƙara."

Na ƙara. Muryar ta fara kauri, ta fara zama ta babbar mace.

"Ƙara kaɗan. A'a, kin zarce, wannan dakan mai ciki ne. Koma. Kaɗan. Tsaya nan."

Na ɗauke yatsa. Hannunta da taɓaren suka riƙa sauka tare. Muryar da ta fito mai faɗi ce, da ɗan kaushi a ƙasa, kamar ta mai dariya a cikin waƙa. Ni na san wannan murya. Ita ce muryar Inna lokacin da nake ƙarama, in tana tankaɗe tana rera abin da ba ta san ana ji ba. Matar Kawu da sauran mata suka taru a bakin ƙofa.

"Kun ji taɓarya ta uku, mai zuwa a makare?" Inna ta ce, ido a rufe. "Ni ce. Ta fi ƙarfina, na nace sai an ba ni. Ku saurara, yanzu za ta yi mini tsawa."

Sai kuwa ga shi, a tsakiyar baiti, Iya ta saki waƙa ta ce wani abu da sauri, mata suka yi dariya, ta koma kan waƙarta. Na sha jin wurin nan tare da Kawu, ba mu taɓa sanin da wa take ba. Inna ta yi dariya, dariyar ta juye ta zama kukan da ta riƙe tun ranar Laraba. Muka bar ta ta yi mai isarta.

Da faifan ya ƙare ta share fuska da bakin mayafi.

"Shi Auta ina yake ajiyewa?"

Na duba. Maɓallin ya ɗan wuce zanen Kawu, kaɗan ƙwarai. Na ce mata kusa ne. Ta ce ba ta yarda da kusa na ba, in ba ta hannu. Na kama yatsanta na ɗora a kan zanen, sannan na kai shi bakin maɓallin. Ta shafa, ta sake shafawa.

"Ƙwayar gero ɗaya," ta ce. "Yaron da aka sauke daga goyo. Ni kuma ina ta ce masa bai san ta ba."

Can ta ja tsaki irin wanda take yi masa in ya zo da rigimarsa, ta ce, "Da ma shi kullum sai ya ɗan yi gaggawa."

Abokin wasana ya nemo allurar ɗinki wurin mahaifiyarsa. Inna ta ce shi zai yi zanen, tunda shi ne magaji, amma saura ya taɓa na ubansa. Ya durƙusa ya yi sabon zane a gefen tsohon. Sannan ya ɗauka a salula, a gudun da Inna ta tsayar. Kafin magariba jikokin Iya da tattaɓa-kunnenta, waɗanda ba su taɓa sanin tana da murya ba, suna ta kira daga garuruwa. Ƴata ƙarama ta riga ta haddace amshin, tana yi tana dukan bokiti.

Injin bai tafi Yamai ba. Inna ta ce ba inda za a kai shi tana raye, magajin kuma ya ce to, Gwaggo, da sauri har da alamar ya ji daɗi. Yanzu ni nake buɗe ɗakin ranar Juma'a bayan la'asar. Tsofaffin sun dawo, har da tsohon direban, kuma in an kusa tashi nakan ce ni dai yau wannan nake marmari. Inna tana zuwa a kabu-kabu, tana yi wa yaron faɗa tun daga gida har Zango. Ta wanke hannu ba sai an ce mata ba, ta zauna a kujerarsa. Bayan kowa ya watse sai in sa mata faifan Iya.

Sau biyu take sa a sa shi. Na farko a kan zanenta. In ya ƙare sai ta ce, "Mayar kan na Auta, mu ji yadda ya riƙa jin ta."

Allah Ya haskaka kabarinka, Kawu, Ya sanyaya maka shi fiye da ɗakin da ka bar wa faya-fayai. Allah Ya sada ka da Iya a gidan Aljanna, ka ji ta da kunnenka. Mu kuma in tamu ta zo, Allah Ya sa mu cika da imani. Amin.